ALAN BLUMLEIN, MUTUMIN DA YA BA FAIFAI KUNNE BIYU

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu sha'awar sauraron kiɗa da waƙa a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, har wa yau kuwa ba ta mutu ba. Waɗansu sun tsaya a kan babu abin da ya kai baƙin faifan nan na roba, mai juyawa ƙarƙashin allura, daɗin amo. Waɗansu kuma sun ce sabuwar hanyar nan ta lambobi, wadda ake kira dijital, ita ce mai mayar da murya kamar yadda ta fito daga bakin mai ita. Gardamar ta fi zafi wurin masu saurare da na'urar nan da ake kifawa a kunnuwa, watau hedifon, tun ba masu tsadar ba, don kuwa ita ba ta rufa asirin kowane aibi. In faifai yana da ƙura za ta faɗa, in mai ɗaukar murya ya yi ganda za ta tona shi.

Abin da masu gardaman nan suka cika mantawa shi ne dukansu a akushi ɗaya suke ci. Ko wane ɗaya daga cikinsu ya sa hedifon, amo biyu ne ke shiga kansa, na hagu dabam, na dama dabam, har ya ji kamar mai ganga yana wannan gefe, mai algaita yana wancan, mawaƙi kuwa yana tsakiya. Wannan tsari shi ake kira sitiriyo. Mutumin da ya zauna ya shimfiɗa ƙa'idodinsa tun cikin 1931 wani injiniya ne na Ingila, sunansa Alan Blumlein. Bai taɓa ganin faifan sitiriyo a kanti ba, balle na dijital. Ya rasu yana da shekara 38, aka kuma ɓoye labarin rasuwarsa. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu tarihinsa, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofis, gama akwai abin lura a ciki, sa'an nan mu koma ga gardamar mu ga abin da aikinsa zai nuna mana game da ita.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Alan Dower Blumlein ran 29 ga watan Yuni, 1903, a unguwar Hampstead cikin birnin Landan. Ubansa haifaffen Jamus ne wanda ya zo ya zauna Ingila har ya zama ɗan ƙasa. Uwarsa kuwa 'yar wani ɗan mishan ce, mutumin Sikotilan, wanda ya yi aiki a Afirka ta Kudu. Uban ya rasu cikin 1914, yaron yana da shekara 11.

Tun yana ƙarami ba shi da abin wasa sai wayoyi da batura. An ba da labari cewa yana ɗan shekara 7 ƙararrawar ƙofar gidansu ta lalace, ya gyara ta, ya kuma rubuta takardar neman ladan aiki, ya sa hannu a matsayin injiniyan lantarki. Amma fa wajen karatun littafi yana baya ƙwarai. 'Yar'uwarsa ta shaida cewa bai iya karatu sosai ba sai da ya kai shekara 12, alhali lissafin da ya gagari na gaba da shi ba ya ba shi wuya.

A nan muna so mu ɗan tsaya da 'yan'uwanmu malamai. Cikin zagayen makarantu mun sha tarar da yaron da aka mayar kujerar baya aka yanke masa hukuncin daƙiƙanci don harshensa yana sarƙewa a karatu. Sau da yawa in an bincika sai a ga shi ne mai gyara keken malam, ko mai ƙera mota da kara da gwangwani wadda ƙafafunta ke juyawa. Da an yi wa Blumlein irin wannan hukunci aka sallame shi, da ba mu da labarin da za mu bayar yau. Jinkirin karatu ciwo ne mai magani, bai kuwa isa ya zama shaida a kan hankalin yaro duka ba.

Ya shiga makarantar Highgate cikin 1918, ya fita cikin 1921. Daga nan ya tafi kwalejin City and Guilds, wadda take wani sashe ce ta Imperial College a Landan. Saboda ƙoƙarinsa aka tsallakar da shi shekarar farko, ya gama cikin 1923 da digiri mai daraja ta ɗaya, yana da shekara 20.

Aikin Tarho da Awon Kunne

Cikin 1924 ya kama aiki a kamfanin International Western Electric, masu harkar wayar tarho. Ɗaya daga cikin ayyukansa na farko shi ne auna yadda kunnen ɗan'adam yake ji. Kunne ba ya karɓar kowane amo daidai wa daida. Ya fi saurin kama matsakaicin amo irin na maganar mutane, yana da nauyi wajen amo mai kauri ƙwarai da mai siriri ƙwarai. Saboda haka in ana so a san ko hayaniyar da ke cikin waya za ta dami mai magana, tilas a auna ta da ma'aunin da ya bi halin kunne. Blumlein ya yi awon, ya kuma shirya na'urar da ta bi shi. Ya yi aiki kuma kan wata matsala ta dogayen wayoyi, inda maganar wannan layi takan tsallaka cikin wancan, mutum yana magana da abokinsa ya riƙa jin hirar waɗansu.

Masu karatu su riƙe waɗannan abubuwa biyu, watau halin kunne da tsallaken amo daga layi zuwa layi, don za mu sake gamuwa da su a gaba. Daga wannan aiki ne ya sami ɗabi'ar da ya rayu da ita: kafin ya taɓa ƙarfe ko waya, sai ya fara tambayar abin da kunne yake bukata, ya yi lissafi a takarda, kana ya ƙera.

Yankan Faifai

Kafin 1925, in za a ɗauki waƙa sai mawaƙi ya tsaya gaban wani babban ƙaho ya ɗaga murya, ƙarfin muryar kaɗai shi ke girgiza allurar da ke yanka tsaga a jikin faifan kaki. Cikin 1925 kamfanin Western Electric na Amurka ya fito da hanyar ɗauka da makirfo da lantarki, wadda ta fi ta da nesa ba kusa ba. Sai dai sun yi wa dabarar rajista, duk kamfanin da ya yi aiki da ita sai ya biya su la'ada a kan faifan da ya buga. Kamfanin Columbia Graphophone na Ingila ya gaji da biya. Cikin 1929 babban jami'insu Isaac Shoenberg ya ɗauki Blumlein, ya ɗora masa neman wata hanya wadda ba ta taka rajistar Amurkawa ba.

Na'urar Amurkawa tana motsa allura ne da wani guntun ƙarfe da ke kaɗawa tsakanin bakin maganaɗisu. Blumlein da abokan aikinsa suka yi tasu da naɗin waya marar nauyi, wanda shi ne ke motsi in lantarki ya bi ta cikinsa. Ta kuɓutar da kamfanin daga la'ada, ta kuma fi ta Amurkawa tsabtar amo. Cikin 1931 Columbia ta haɗu da Gramophone Company, masu tambarin nan na kare yana sauraron garmaho, suka zama kamfani ɗaya mai suna EMI, da ɗakunan bincike a garin Hayes, yamma da Landan. A nan Blumlein ya yi sauran kwanakinsa na aiki.

Abin da Ya Gani a Gidan Sinima

Wata rana cikin 1931 ya tafi kallon sinima tare da yarinyar da ya aura daga baya, cikin 1933. A zamanin nan fim mai magana sabon abu ne, lasifika ɗaya ke fitar da dukan amo. Sai ya lura ɗan wasa yana tsaye a wannan gefen allo, muryarsa kuwa tana fitowa daga wancan. Dubban mutane sun ga haka sun wuce. Shi abin ya tsaya masa a rai, ya gaya wa yarinyar ya san yadda za a sa murya ta bi mai ita.

Ga yadda tunaninsa ya tafi. In amo ya taso daga hagun mutum, yana riga isa kunnen hagu kafin na dama. Ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma ƙwaƙwalwa tana gane ta, da ita take sanin inda amo mai kauri ya fito. Amo mai siriri kuwa kai ne ke tare shi, ya isa kunne na nesa da rauni, da wannan bambancin ƙarfi ake gane wajensa. Tun cikin 1881 wani Bafaranshe, Clément Ader, ya nuna a birnin Faris cewa in an jera makirfo a dandalin wasa aka kai wa kowane kunne nasa ta waya, mai saurare zai san inda 'yan wasa suke tsaye. Wuyar ita ce yin haka da lasifika biyu a ɗaki, inda kowane kunne yake jin dukansu biyu. Blumlein ya nuna da lissafi cewa in an bambanta ƙarfin amon da ke fita daga lasifikan nan biyu yadda ya kamata, haɗuwarsu a kunnuwa za ta haifar da irin ratar nan da ƙwaƙwalwa ke nema.

Ran 14 ga Disamba, 1931, ya shigar da takardar neman rajistar wannan fasaha, aka amince da ita ran 14 ga Yuni, 1933, mai lamba 394,325. Ta ƙunshi batutuwa wajen 70. A ciki akwai yadda za a ɗora makirfo biyu wuri ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, suna gicciye da juna, tsarin da masu ɗaukar kiɗa ke aiki da shi har yau suna kiransa da sunan Blumlein. A ciki kuma akwai yadda za a zuba amo biyu cikin tsaga ɗaya ta faifai. Tsagar tana da bango biyu masu gangara, kamar kwarin da ke tsakanin kunya biyu a gona, kowane bango ya karkata digiri 45. Sai a rubuta amo ɗaya a wannan bango, ɗaya a wancan, allura guda ta bi ta tsakiya tana karanta su tare.

Bai tsaya a takarda ba. Cikin 1933 ya yanka faifan gwaji, shi da abokansa suna yawo cikin ɗaki suna magana don a ji ko murya za ta bi su. Cikin Janairu 1934 ya kai kayansa ɗakin ɗaukar murya na Abbey Road, ya ɗauki ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic, Sir Thomas Beecham yana ja musu gaba, suna kaɗa wani kiɗan Mozart. Cikin 1935 ya ɗauki fim ɗin jiragen ƙasa suna wucewa ta tashar Hayes, ana ganin jirgi yana ratsa allo, ƙararsa tana tafiya tare da shi.

Duk da haka kamfanin ya naɗe aikin ya ajiye. Zamanin na karayar tattalin arziki ne, ba mai kuɗin sayen garmaho mai lasifika biyu. Faifan lokacin kuma na wani irin ƙaro ne da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya, mai yawan shashshaka, yana juyawa sau 78 a minti, gefe ɗaya ba ya wuce 'yan mintoci. Ga shi kuma hankalin kamfanin ya koma kan talabijin. Aka mayar da Blumlein can, ya zama ɗaya daga cikin manyan da suka tsara talabijin mai layi 405, wanda BBC ta fara watsawa daga Alexandra Palace ran 2 ga Nuwamba, 1936. Wannan tsari bai daina aiki a Ingila ba sai cikin Janairu 1985.

Yaƙi da Ajali

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi cikin 1939, sai aka juya gwanayen EMI ga aikin rada, watau na'urar da ke aika igiyar rediyo ta bugi abu ta dawo, a san inda yake ko cikin duhu. Blumlein ya shiga aikin wata rada ta asiri mai suna H2S, wadda za ta nuna wa matuƙin jirgin sama siffar ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da gari da kogi da gaɓar teku, ko da dare ko cikin gajimare.

Ran 7 ga Yuni, 1942, ya shiga wani jirgin yaƙi samfurin Halifax wanda ya tashi daga filin Defford don gwada na'urar. Suna sama sai wuta ta kama ɗaya daga cikin injunan ɓangaren dama, ta ci har fiffiken ya karye. Jirgin ya faɗi kusa da ƙauyen Welsh Bicknor, a bakin kogin Wye. Mutum 11 ke ciki, ba wanda ya fita, har da abokan aikinsa biyu na EMI. Ya bar mace da 'ya'ya maza biyu ƙanana. Da aka yi bincike sai aka tarar wani noti ne ɗan ƙarami cikin injin ba a ɗaure shi sosai ba sa'ad da aka yi wa jirgin gyara kafin nan. Ya kwance a hankali, har ya jawo gobarar.

Wannan ma abin tsayawa ne a duba. Mutumin da ya yi rajistar fasaha 128 cikin shekarun aiki da ba su kai 20 ba, noti ɗaya da wani ya bari sako-sako ya gama da shi. Wanda ya bar notin bai yi nufin kisa ba, watakila gajiya ce, watakila gaggawa. Akawun da ya tsallake layi ɗaya cikin littafin kuɗi, da malamin da ya cika rajistar aji bai ƙirga yara ba, su ma ba su nufin ɓarna. Amma aikin da ake gani ƙarami ne, wani babba yana rataye a jikinsa, mai yinsa kuwa ba safai yake sanin ran wa ke kansa ba.

Saboda asirin yaƙi, hukuma ba ta bayyana rasuwarsa ga jama'a ba, jaridu ba su buga tarihinsa ba kamar yadda ake yi wa manya. Sauran abokan aikin suka ƙarasa na'urar, aka fara yaƙi da ita cikin Janairu 1943. Sunansa kuwa ya nutse, ban da wurin injiniyoyin da suka zauna da shi.

Abin da Ya Biyo Baya

Shekara 6 bayan rasuwarsa, cikin 1948, kamfanin Columbia na Amurka ya fito da faifan roba mai siririyar tsaga, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, gefe ɗaya yana ɗaukar minti 20 ko fiye. Robar, wadda ake kira binil, ta fi ƙaron da laushi da ƙarancin shashshaka. Cikin 1958 kamfanonin faifai suka yarda da tsari ɗaya na sitiriyo, bangon tsaga na wajen tsakiyar faifai ya ɗauki amon hagu, na wajen baki ya ɗauki na dama, kowanne a karkace digiri 45. Injiniyoyin Bell na Amurka su ma sun binciki wannan hanya a nasu ɓangare, amma ga ta nan rubuce cikin takardar Blumlein tun 1931. Kafin lokacin wa'adin rajistarsa ya ƙare. A wannan shekara ta 1958 kuma wani Ba'amurke, John Koss, ya fara sayar da hedifon na sitiriyo don sauraron kiɗa a gida.

Ita kuwa hanyar lambobi, tushenta yana wurin wani tsaran Blumlein, Alec Reeves, wanda aka haifa cikin 1902, ya yi karatu a kwaleji ɗaya da shi, ya kuma fara aiki a kamfanin tarho ɗaya da shi. Cikin 1938, yana aiki a Faris, ya yi rajistar wata dabara: maimakon a aika siffar amo kanta ta waya, inda kowace hayaniya za ta manne mata, sai a riƙa auna tsayinta a kai a kai, a aika sakamakon awon da lambobi. Lamba ba ta tsufa a hanya, bakwai in ta isa bakwai ce. Dabarar ta jira zuwan kayan lantarki masu sauri. A farkon shekarun 1970 kamfanin Denon na Japan ya fara sayar da kiɗan da aka ɗauka ta wannan hanya, a kan faifan roba kuwa aka buga shi. Cikin 1982 Philips da Sony suka fito da faifan CD, wanda ke ɗauke da awo 44,100 a kowace daƙiƙa ga kowane kunne, kowane awo yana zaɓar mataki ɗaya cikin 65,536.

Mu Koma ga Gardama

To, in mun bi ɗabi'ar Blumlein muka fara da awo, me za mu samu? Kunnen saurayi mai lafiya yana jin amo daga kaɗawa 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, awon CD kuwa ya isa ya riƙe wannan duka. Tazarar da ke tsakanin amo mafi ƙarfi da hayaniyar ƙasa a CD ta kai desibel 96, a faifan roba mai kyau takan tsaya tsakanin 60 da 70. Faifan roba yana da waɗansu larurori kuma. A bakinsa tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura wajen santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuwa wajen 20, don haka waƙar ƙarshe ba ta kai ta farko tsabta. Amo mai kauri ƙwarai yakan nemi fid da allura daga tsaga, sai mai yanka ya tattara shi tsakiya. Ƙura da ƙarzuwa suna ƙaras-ƙaras, kowane juyi kuma yana ɗan cin faifan. A ɗaki, nisa da labule da motsin gida sukan shanye yawancin wannan. Hedifon mai kyau kuwa a bakin kunne yake ajiye shi. Ta fuskar awo dai, dijital ta fi kusa da abin da makirfo ya ji.

Amma masu son faifan roba ba ruɗu suke yi ba, akwai dalilai na gaske da suka sa yakan yi musu daɗi. Na farko ya komo kan aikin Blumlein kansa. Shi ya tsara sitiriyo ne don lasifika biyu a ɗaki, inda kowane kunne ke samun rabo daga kowace lasifika. Hedifon yana yanke wannan cuɗanya, kunnen hagu ba ya jin komai na dama, abin da ba ya faruwa a duniya. Shi ya sa kiɗa yakan zama kamar a tsakiyar ƙoƙon kai ake yinsa, wanda aka raba shi da yawa kuma yakan gajiyar da mai saurare. A CD rabuwar hagu da dama takan wuce desibel 90. A faifan roba, da yake allura ɗaya ke bin bango biyu, takan tsaya wajen 25 zuwa 35, amon wannan gefe yana ɗan tsallakawa wancan. Tsallaken nan da Blumlein ya yi yaƙi da shi a wayar tarho aibi ne a ma'auni, amma yakan ɗan sassauta kaifin rabuwar. Tun 1961 wani injiniya, Benjamin Bauer, ya tsara na'urar da ke cuɗa amon biyu da gangan don masu hedifon, yau kuwa ana samun irinta cikin na'urorin dijital da yawa.

Dalili na biyu yana hannun mai shirya kiɗa kafin a buga. Daga shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙara, suna matse kiɗan dijital don ya fi na wasu amo a rediyo da mota, har sanyin kiɗa da zafinsa suka zama ɗaya. Faifan roba ba ya jure irin wannan matsi sosai, saboda haka sau da yawa akan shirya masa nasa dabam, mai sararin numfashi. Wanda ya gwada biyun ya ce na roba ya fi, gaskiya ya faɗa, sai dai aikin mutane biyu ya gwada, yana tsammani na'ura biyu ya gwada. A sani kuma, yawancin faifan roba da ake bugawa a wannan zamani daga kiɗan da aka ɗauka da dijital ake yanka su. Dalili na uku na zuciya ne. Wanda ya zare faifai daga riga, ya share shi, ya ɗora allura, ya zauna, ya riga ya ba kiɗan hankalinsa, mai ba da hankali kuwa ya fi mai latsa waya yana tafiya jin abin da ke ciki. Wannan sha'awa ba ƙarama ba ce: cikin 2022 an sayar da faifan roba miliyan 41 a Amurka, CD miliyan 33, karo na farko ke nan da roba ta wuce tun 1987.

Shawararmu ga mai son ya raba gardamar da kansa ita ce ya yi yadda Blumlein zai yi. Ya tabbata kiɗan da zai gwada shiri ɗaya ne a faifan biyu. Ya daidaita ƙarfin amonsu, gama kunne yakan zaɓi wanda ya ɗan fi ƙara ya ce shi ya fi kyau. Ya sa wani ya riƙa sauya masa ba tare da ya san wanne ke kaɗawa ba. In ya yi haka ya zaɓi roba, ya san abin da ya zaɓa da dalilinsa, in ya zaɓi lambobi, haka nan. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne, inda aka ajiye makirfo ran da aka ɗauki kiɗan, da irin hedifon da ya sa, sun fi canza abin da yake ji bisa ga irin faifan.

An daɗe kafin a biya Blumlein hakkinsa na yabo. Cikin 1977 aka kafa allon tunawa a gidan da ya zauna a unguwar Ealing. Cikin 1999 aka buga littafin tarihinsa na farko, shekara 57 bayan rasuwarsa. Cikin 2015 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa wani allo a Abbey Road, cikin 2017 kuma aka ba shi lambar Grammy ta fasaha, iyalinsa suka karɓa. Bai ga ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya kifa hedifon a kunne yau, ko allura ke kawo masa kiɗan ko lambobi, in ya ji ganga a hagu da algaita a dama, yana cin moriyar lissafin yaron nan da bai iya karatu ba sai da ya shekara 12. Muna fata malamai za su tuna da shi in sun waiwayi kujerar baya, ma'aikata kuma su tuna da notin nan kafin su ce aiki ya ƙare.